Makarantar kurame ko sakandaren unguwa, ina za a kai yaron da baya ji?

Duk shekara idan yara suka gama firamare sai wannan maganar ta dawo min, saboda mutanen unguwa sun san ina koyar da lissafi a sakandare kuma sun san ɗan yayata baya ji. Bana ma haka akayi, wani maƙwabcinmu ya tsaida ni bayan la'asar yace Malam yarinyata ta gama aji shida kuma kasan kunnenta ba daidai yake ba, mahaifiyarta tace a kaita makarantar kurame, ni kuma gani nake kamar mun yar da ita ne, ya kake gani? A tsaye a bakin masallaci ban iya bashi amsa ba, nace masa zan shigo gida mu zauna. Abin da naje na faɗa masa ne zan shimfiɗa anan, don nasan bashi kaɗai bane yake kwana da wannan tunanin.

Kalma ɗaya muke amfani da ita, kurma, amma yaran da muke kira da ita ba iri ɗaya bane ko kaɗan. Akwai wanda aka haifa baya ji, bai taɓa jin muryar mahaifiyarsa ba. Akwai wanda yana ji lafiya lau yana surutunsa sai sanƙarau ko ƙyanda ko hangum ya kwantar dashi, ya tashi shiru, kamar ɗan yayata da abin ya same shi yana shekara 9. Akwai kuma wanda yana ji amma sama sama, ciwon kunne mai fitar da ruwa ne ya daɗe yana cinsa tun yana ƙarami, idan ka kira shi ta baya bazai waigo ba amma idan kun fuskanci juna kuna iya hira. Waɗannan ukun makaranta ɗaya bata dace dasu duka ba, shiyasa duk wanda ya baka amsa kai tsaye tun bai tambayi wane iri ne yaronka ba to kar ka ɗauka.

Kuma kar kayi awon da kanka a tsakar gida, wai ka tafa hannu ka gani ko zai juyo. Yaran nan suna da lura fiye da yadda muke zato, inuwarka zai gani ko yaji motsin ƙasa ya juyo, kace ai yana ji. A kai shi ayi masa gwajin ji na asibiti. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitin koyarwa na Sakkwato. Zasu sa masa abin sauraro a kunne su baka takarda mai zane da lambobi na kowane kunne daban. Ma'aunin sunansa desibel, hira ta yau da kullum tana kusan 60. Yaron da sai ƙara ta kai 30 ko 40 yake fara ji raunin nasa kaɗan ne, wanda yake tsakanin 41 da 60 matsakaici ne kuma na'urar ji tana masa amfani sosai, idan kuwa ya haura 80 to magana bata isa gare shi ta kunne yadda za ayi karatu da ita, ko da na'ura mai ƙarfi. Wannan takardar da shekarun da jin ya tafi, su biyun sun yanke rabin hukuncin tun kafin kaje ganin kowace makaranta.

To mu fara da sakandaren unguwa, ta jeka ka dawo, tunda ita zuciyar yawancin iyaye tafi karkata gare ta. Alherinta a fili yake. Yaro yana kwana a gida, yana cin tuwon uwarsa, yana zuwa islamiyya da ƴan uwansa, idan zazzaɓi ya kama shi a ranar za a sani. Darussa cikakku ne, in yana da kan kimiyya akwai malamin fizis da kemistiri ko da kayan gwajin basu cika ba. Kuma yaron da yake da magana a bakinsa zai cigaba da amfani da ita kullum, wannan ba ƙaramin abu bane don magana idan aka daina amfani da ita lalacewa takeyi a hankali, harufa su fara zubewa. Na koyar da wata yarinya a JSS2 mai matsakaicin rauni, tana sa na'ura a ƙarƙashin hijabi, bencin gaba take zama ta ɓangaren da kunnenta mai ɗan dama yake kallon malami, ƙawarta ɗaya tana nuna mata shafin da ake. Ta gama lafiya, lissafinta ma yafi na da yawa daga masu ji. Irin wannan yarinyar in ka ɗauke ta ka kaita makarantar kwana ta kurame ka rage mata ne, baka ƙara mata ba.

Amma bari in gaya muku yadda aji yake daga inda nake tsayawa, don iyaye basa ganin wannan. Firamare malami ɗaya ne ko biyu suke riƙe da yaro shekara guda, sun san shi, sun saba da yadda zasu juyo su maimaita masa. Sakandare kuwa malamai sun kai goma ko fiye, kowa minti 40 ɗinsa zaiyi ya fita, wani ma har zango ya ƙare bai san akwai wanda baya ji a ajin ba. A takarda ance aji kar ya wuce yara 40, a zahiri na shiga ajin da ya ninka haka harda ɗori. Ni kaina rabin bayanina ina fuskantar allo nakeyi, ina rubutu ina magana, bayana yaron yake kallo. Wani malamin yana yawo tsakanin benci yana karanto darasi ana rubutawa. Wani a baya yayi tambaya a amsa masa, yaronmu bai ji tambayar ba bai san me ake amsawa ba. Ita kuma na'urar da muke ganin ta gama magance komai, ba muryar malami kaɗai take ƙarawa ba, harda jan benci da fanka da surutun yara 90, ranar da ake ruwa akan rufin kwano kuwa cire ta sukeyi su sa a aljihu don kansu ciwo yake.

Sai mutane suce ai yana karanta leɓe. Tsaya gaban madubi kace bata, ɓata, mata, ba tare da sauti ba, ka gani ko akwai bambanci. Kace kara, ƙara, gara. Duk a cikin baki da maƙogwaro ake rarrabe su, ido baya kaiwa wajen. Hausa kuma ga hawa da saukar murya ga jan wasali, gari na zama da garin tuwo leɓe bai san bambancinsu ba. Wannan a harshen da ya tashi dashi kenan, to ina ga turancin da ake koyar da bayoloji dashi, kalmomin da bai taɓa jin an furta ba, daga bakin malami mai gashin baki da yake tsaye gaban taga haske na bayansa. Karatun leɓe yawancinsa cike gurbi ne da hasashe, kuma yana gajiyar da yaro sosai, kafin a fita tara ya gama galabaita.

Abin da yafi cutarwa shine duk wannan baya fitowa fili da wuri. Yaron zai kwafi rubutu tsaf daga littafin na kusa dashi, rubutunsa ma yafi na kowa kyau, uba ya duba littafi da daddare yaga a cike yace alhamdulillahi ana karatu. Malami yace kun gane, kowa ya ɗaga kai shima ya ɗaga. Sai jarabawa ta zo. Haka muka yi da ɗan yayata, kuma ni ne na dage a barshi a makarantar unguwa, hujjata itace ai yana magana. Na haɗa yana magana da yana ji, alhali takardar asibiti ta nuna kunnuwan biyu duk sun haura 90. Zango biyu yayi a JSS1, yaron da yake cikin na gaba gaba kafin ciwon ya koma can ƙasa, an taɓa dukansa a asambili wai an kira shi yayi banza da malami, ya daina fita tara, yana zama a aji shi kaɗai yana zane a bayan littafi. Ranar da ya cewa mahaifiyarsa shi a kaishi gareji kawai, ranar na san nayi kuskure, kuma har yau abin yana damuna.

Yanzu makarantar kurame, ko makarantar masu buƙata ta musamman kamar yadda ake kiranta a hukumance. A arewa muna dasu amma basu da yawa, akwai ta Tudun Maliki a Kano wadda tun 1977 take, akwai ta jihar Kaduna, akwai ta kurame a Malumfashi, akwai ta Abdurrashid Adisa Raji a Sakkwato, da wasu a sauran jihohi, galibi ɗaya ko biyu ne jiha guda take dasu. Babban abin da suke bayarwa wanda ta unguwa bata iya bayarwa shine harshe. Yaro ya samu yaren da yake shigarsa gaba ɗaya ba rabi da kwata ba, ayi bayani ya gane, yayi tambaya, yayi musu, a bashi labari yayi dariya a lokacin da kowa yake dariya. Kusan tara cikin goma na yaran da basa ji iyayensu masu ji ne, wato a gida babu mai yarensu, nuni ne kawai na ci, sha, zo, tafi, bari. Yaron da ya kai shekara 12 da wannan kaɗai ba ƙwaƙwalwa ce bashi da ita ba, abin da zai ɗauki tunani dashi ne ba a bashi ba.

Ranar da muka kai ɗan yayata ganin irin wannan makarantar lokacin tara muka isa. Fili cike da yara amma ba hayaniyar da na saba ji, hannuwa ne kawai ke tashi ko ina, wasu na gardamar ƙwallo, fuska na aiki kafaɗa na aiki. Ya tsaya ya riƙe gefen rigata yana kallo. Wani yaro yazo ya taɓa kafaɗarsa ya nuna kunne ya nuna shi, wato kaima? Ya ɗaga kai. Shikenan aka ja shi. Sai muka ga wani malami shima kurma ne, da rigarsa mai guga da makullin mashin a hannu yana yiwa wasu yara faɗa da hannu, yaron nan ya daɗe yana kallonsa, a mota ya tambaye ni wai Kawu wancan malami ne da gaske, albashi ake biyansa? Tunda ciwon ya same shi bai taɓa ganin babban mutum irinsa ba sai masu bara a bakin titi.

Saidai akwai abin da ya kamata iyaye su sani game da yaren. Mu a ƙasar Hausa muna da namu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda kurame ke yi a kasuwa da majalisarsu, kuma masu ji da yawa a Kano da ƙauyuka suna ɗan taɓa ta. Wanda ake koyarwa a makaranta kuwa tushensa na Amurka ne, wani kurma baƙar fata ɗan mishan mai suna Andrew Foster ne ya kawo shi, ya fara buɗe makaranta a Ghana a 1957 sannan Ibadan a 1960, daga nan ya bazu. Haruffansa na yatsu na turanci ne, 26, kuma da turanci ake haɗa shi a aji. Amfanin haka shine yaron zai iya magana da kurma ɗan Legas ko Inugu, zai gane tafintan da ake sawa a gefen labaran talabijin, zai iya cigaba har gaba da sakandare. Illar kuma itace ya dawo hutu da yaren da babu wanda ya iya a gidan, uwa na nuni irin na da shi yana wani daban, sai kaga ya ƙosa hutu ya ƙare. Iyaye da yawa anan suke cewa makaranta ta raba su da ɗansu. Ni a ganina ba makarantar bace, mu ne muka tura shi ya koyi yare muka zauna bamu koya ba.

Kuma kar in zuga makarantun nan fiye da yadda suke. Tsarin ilimi na ƙasa yace malami ɗaya yara 10 a ajin masu buƙata ta musamman, da wuya ka samu haka a ta gwamnati, don jiha guda ce take turo yara wuri ɗaya. Ba kowane malami aka tura can ya iya yaren ba, wani an yi masa canjin wajen aiki ne kawai, sai ya cika allo da rubutu ya zauna, kaga an koma gidan jiya. Masu horon suna fitowa daga sashen ilimi na musamman na jami'ar Bayero da ta Jos da kwalejin Oyo wadda aka kafa don wannan aikin, amma basu isa ba, musamman a lissafi da kimiyya, wanda ya iya kemistiri bai iya hannu ba wanda ya iya hannu bai karanci kemistiri ba. Saboda haka sau da yawa zaɓin darussa a babbar sakandare yana da ƙunci, an fi karkata ga sana'a, ɗinki, kafinta, saƙa, aikin fata. Sana'a ba abin raini bace wallahi, amma yaron da yake da kan zama injiniya bai kamata a yanke masa hukunci tun yana JSS ba don kawai babu malami. Ga kuma matakin karatun, ajin yakan haɗa wanda ya fara makaranta yana shekara 6 da wanda aka kawo yana 13 bai san ko harafi ba, dole malami ya rage gudu, yaro mai ƙoƙari sai ya riƙa jira.

Sannan zaman kwana da kansa. Abinci, ruwa, cunkoson ɗakin kwana, siniyoyi, duk abin da ake fama dashi a kowace makarantar kwana ta gwamnati akwai shi anan, da ƙari ɗaya mai nauyi, yaron da aka zalunta bazai iya ɗaukar waya ya kira gida ba, in ma kunzo bizitin bazai iya baku labari ba idan baku iya yarensa ba. Akan ƴa mace wannan shine abin da yafi tsaya min a rai. Shekarun sakandare sune shekarun da zata fara al'ada, jikinta ya canza, tana buƙatar macen da zata yi mata bayani dalla dalla, tsarki, wanka, wa zai taɓa ta wa bazai taɓa ta ba. Mugaye kuma sun san wadda bata iya faɗa ita suke nema. Amma ku lura, wannan haɗarin ba a makarantar kwana kaɗai yake ba, yana nan a hanyar makarantar unguwa, yana nan a cikin gida ma. Yarinyar da take da yare kuma uwarta ta iya shi tafi kariya a ko ina take, akan wadda ke ɗaki ɗaya da uwarta amma ba mai gane wani.

Maganar kuɗi kowanne da inda yake cizo. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sawa hannu a Janairun 2019, tace karatunsu kyauta ne har sakandare, kuma tace makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo da zai kula dasu. Yana da kyau uba ya san da wannan idan zai shiga ofishin firinsifal, don ba alfarma yaje nema ba. Amma kyautar bata hana kashe kuɗi. A ta kwana akwai kuɗin mota zuwa da dawowa da bizitin, kayan furobishin, katifa, bokiti, sabulu. A ta unguwa kuɗin yana tafiya ne a na'ura, kuma sayenta ba shine ƙarshe ba, batirinta sati ɗaya zuwa biyu yake yi, robar da ke shiga kunne sai an sake ta idan yaro ya girma in ba haka ba na'urar ta riƙa ƙara kamar ana fito, gumi da ƙurar hunturu suna kashe ta, gyara kuma sai babban gari. Kar a sayi ta kasuwa wadda ba a saita ta da takardar gwajin yaron ba, ƙara kawai take ƙarawa, tana iya lalata ɗan jin da ya rage. Ga kuɗin lesin, don yaron da ke ajin masu ji kusan dole ne wani ya zauna dashi da yamma ya maimaita masa abin da ya wuce shi. In ka lissafa tsakani da Allah sau da yawa ta unguwar ce tafi tsada idan za ayi ta yadda ya kamata.

Jarabawa kuwa duk hanyar da aka bi wuri ɗaya ake haɗuwa, ta JSS3 sannan WAEC ko NECO, kuma kiredit biyar harda turanci da lissafi ake nema ga mai son wucewa gaba. Turancin shine katangar, don yaron da bai taɓa jin harshen ba a rubuce kawai yake haɗuwa dashi, ga shi a cikin jarabawar akwai ɓangaren da yake tambaya akan sautin kalmomi, wace kalma ce tayi amo ɗaya da wace. Hukumomin jarabawa suna da tanadi ga masu buƙata ta musamman amma sai an bayyana tun wajen rijista. Anan makarantar kurame ta fi, sun saba, sun san abin da ake cikewa. A ta unguwa in uba bai je da kansa ya tuna musu ba, za ayi wa yaron rijista kamar kowa, ranar jarabawa mai sa ido yayi sanarwa da baki cewa an gyara tambaya ta 7, shi bai sani ba.

Akwai hanya ta tsakiya da wasu ke samu, makarantar masu ji wadda take da rukunin kurame da tafinta a cikin aji. In da tafinta na gaske kuma kullum yana nan, wannan ta haɗa alherin biyun, cikakkun darussa ga kuma yare ga abokai irinsa. Amma a bincika sosai, wata makarantar kuɗin, allon bakin ƙofa ne kawai yake cewa suna karɓar kowa, ka shiga ka tarar an ajiye yaron da wata mai reno a bayan aji.

To in ka tambaye ni hukuncina, ga shi. Yaron da aka haifa baya ji ko ya rasa ji kafin ya iya magana, da wanda gwaji ya nuna ya haura 80 ko da yana magana, makarantar kurame ko mai tafinta, kuma kar a jira sai ya faɗi zango biyu kamar yadda muka yi. Yaron da rauninsa kaɗan ne ko matsakaici, yana da na'urar da aka saita masa, yana iya karanta shafi guda ya baka labarin abin da ya karanta, to ya zauna a ta unguwa, da sharaɗin wani babba daga gidan zai je ya zauna da fom masta a satin farko, a bashi bencin gaba, a haɗa shi da aboki mai hankali, a roƙi malamai su riƙa rubuta aikin gida da ranar tes a allo maimakon faɗa da baki. Na tsakiya, wanda yake wajen 60 zuwa 80, shine mai wuya, shi sai a gwada zango ɗaya ana lura, kuma ba littafinsa za a duba ba, a rufe littafin ace ya faɗi abin da aka koya yau. Abin da bai kamata ya shiga lissafin ba shine me dangi zasu ce. Na ji wani yana cewa in aka kai yarinya makarantar kurame an tallata ta bazata samu miji ba, alhali duk unguwa sun riga sun san bata ji, abin da ya rage kawai shine zata zama mai ilimi ko a'a.

Wannan duk akan ji nake magana. Yaro mai in'ina, ko wanda yake ji sarai amma haruffa ke rikice masa wajen karatu, ko mai galahanga, kar a tattara su a kai makarantar kurame don kawai ance ta masu buƙata ta musamman ce, buƙatarsu daban. Mai in'ina ma babu inda za a kaishi, haƙurin malami yake buƙata, a barshi ya ƙarasa maganarsa kar a ƙarasa masa, kar a tashe shi karatu a gaban aji ba shiri.

Duk wadda za a zaɓa aje a ganta ranar karatu ba ranar taro ba, kuma a tafi da yaron. A ta kurame ka roƙa a barka ka tsaya bakin taga minti goma, ka kalli hannun malamin, yana motsi ko alli kawai yake riƙe, yaran suna ɗaga hannu suna mayar masa ko kwafa kawai suke. Ka tambaya malamai nawa ne kurame, wa yake kwana da yara mata kuma ta iya yaren, ana koyar da addini da hannu ko a'a, yara nawa suka zauna WAEC bara kuma ina suke yanzu, ta wace hanya yaro zai sanar da gida in wani abu ya faru. Ka leƙa banɗaki da kicin. A ta unguwa tambaya ɗaya ta isa ta nuna maka komai, kace wa firinsifal yarona baya ji sosai, me zaku yi masa? In yace ba matsala duk ɗaya muke ɗaukarsu, to matsalar kenan. In ya kira fom masta aka fara maganar inda zai zauna, akwai alamar alheri.

Ɗan yayata yanzu yana babbar sakandare a ta kwana. Lissafinsa ya dawo, turanci har yanzu ana fama, idan yazo hutu ni nake zama dashi muna bin tsofaffin tambayoyi. Mahaifiyarsa ta koyi haruffan yatsu cikin sati biyu a wajen wata matar aure kurma da ke bayan layinsu, ƙannensa sun fi mu duka iyawa, kuma mun sa doka a gidan cewa in yana zaune ba a hira a bar shi, ko mutum ɗaya ne ya juya ya bashi abin da ake cewa. Maganar bakinsa ta ɗan ragu, wannan gaskiya ne, muna sa shi yana yi da mu don kar ta tafi.

Shi kuma maƙwabcin nawa da muka zauna sai ya zama ba a taɓa yiwa yarinyar gwaji ba, ɗigon magani kawai ake saya a kemis duk lokacin da kunnen ya fara ruwa. Na kira ta ta baya a hankali bata juyo ba, da na zagayo gabanta muka yi hira sosai, ta karanta min rabin shafi na littafin Hausa ta bani labarinsa daidai. Nace masa ina kyautata zaton ta unguwa zata yi mata, amma kar ya sayi yunifom ɗin kowace makaranta sai ya kawo takardar asibiti mun duba tare. Sun samu ranar ganin likita sati mai zuwa, mahaifiyarta ce zata kaita.